KAFIN A DATSE ƘOFA A MADALLA: WA KE TSARON FIRJI DA IYAKWANDISHAN?

Tun kafin gari ya waye sosai bakin titin Madalla ya ke cika. Ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da magina da 'yan makaranta, kowa na rige-rigen samun motar da za ta tsallake da shi Zuba ta shiga da shi Abuja kafin hanya ta cushe. Wanda ya makara da rabin sa'a ya san abin da zai tarar a gaban kasuwa. Kafin ƙarfe takwas unguwanni da yawa sun yi tsit, sai ƙofofi da kwaɗuna, sai awaki da 'yan tsofaffi. Masu gidajen ba za su komo ba sai bayan Magariba, waɗansu ma sai an yi Lisha.

Ba haka kawai garin ya zama wurin kwana ba. Madalla tana cikin ƙaramar hukumar Suleja ta Jihar Neja, gab da Dutsen Zuma, kuma Sulejan nan ita ce Abuja ta asali, garin da Abu Ja ya kafa a 1828. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar ƙaura daga Ikko a 1976, sai sabon birnin ya ɗauki sunan, tsohon gari ya koma Suleja, watau da sunan Sarki Sulaimanu Barau. Gwamnati ta tare a Abuja ran 12 ga Disamba 1991. Tun daga nan tsadar haya ke koro ƙananan ma'aikata zuwa bakin iyaka, rushe-rushen da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i ya ke minista, suka ƙara turo jama'a. Yau mutumin Madalla na iya biyan hayar shekara cur a ɗakin da bai taɓa ganin yadda ranar tsaka ke faɗa masa ba sai Asabar da Lahadi. In Salla ta zo ko Kirsimeti kuwa, sai a kulle gida mako guda ko biyu a tafi Kano, ko Katsina, ko Bida, ko Inugu.

Amma fa gidan da aka kulle ba barci ya ke yi ba. Akwai firji a kusurwa, akwai firiza cike da nama, akwai iyakwandishan a bango, dukansu a jone, suna jiran a kawo wuta. Abin da za su yi bayan mai gida ya ba da baya shi ne zancen da ya kamata a tsaya a kansa, domin kuwa a nan kuɗin mutane ke zurarewa, a nan abinci ke lalacewa, wani lokaci ma a nan gobara ke samo asali.

INJI ƊAYA NE, AIKI BIYU

Da firji da firiza da iyakwandishan duk abu guda ne a wurin masana, suna kiransa injin jan zafi. Ba sanyi ya ke ƙerawa ba, zafi ya ke kwashewa daga wuri ya zubar a wani wuri, kamar yadda famfo ke jan ruwa daga rijiya ya kai tanki. A cikin bututunsa akwai gas mai tafasa tun a cikin tsananin sanyi. In ya zo bututun da ke cikin ɗaki sai ya tafasa ya zama tururi, ya shanye zafin iskar ɗakin. Daga nan kwamfuresa ta matse shi. Duk wanda ya taɓa ba keke iska ya san yadda famfon ke ɗaukar zafi a hannu, to haka gas ɗin ke yi in an matse shi, har ya fi iskar waje zafi. Fankar da ke waje ta hure zafin, gas ya koma ruwa, ya bi ta wata 'yar siririyar hanya inda matsin ke sauka, ya sake yin sanyi, ya koma ciki. Shi ya sa bayan firji ke da ɗumi, shi ya sa kuma wanda ya tsaya gaban akwatin iyakwandishan na waje ya ke jin kamar an buɗe masa tanda.

Tun 1852 wani masani na ƙasar Birtaniya, Lord Kelvin, ya bayyana cewa a kan iya juya wannan aiki a ɗumama gida da shi. A 1902 kuma wani injiniya Ba'amurke, Willis Carrier, ya haɗa injin da a ke ɗauka shi ne kakan iyakwandishan na zamani, kuma ba don jin daɗin mutane ya yi shi ba, don wata maɗaba'a ce a Brooklyn ta birnin New York inda laima ke kumbura takarda launuka su ƙi hawa daidai. Albarkar injin ita ce yunit ɗaya na lantarki kan kwashe zafin da ya kai yunit uku ko huɗu. Sabo da haka ne Turawa suka rungume shi don ɗumama gidaje. A Norway fiye da rabin gidaje da shi su ke jin ɗumi, kuma a 2022, shekarar da yaƙin Rasha da Yukren ya tsauwala kuɗin gas, an sayar da kimanin miliyan 3 a ƙasashen Turai.

Baturen da zai yi tafiya cikin hunturunsu yana da tasa damuwar. In ya kashe injin gaba ɗaya, ruwan da ke cikin bututun gidan na iya daskarewa, ruwa kuwa in ya zama ƙanƙara ya kan ƙaru da kusan kashi 9 cikin ɗari, sai bututu ya fashe, ya komo ya tarar da gida ya zama kududdufi. Don haka ba ya kashewa, sai dai ya sauke ma'aunin zuwa wajen digiri 10 ko ɗan sama da haka. In kuwa fitar yini ɗaya ce, digiri biyu ko uku kawai ya ke ragewa, domin irin injinsu a hankali ya ke ɗumama gida, in an matsa masa ya yi sauri sai ya kira hitar lantarki ta taimaka masa, ita kuwa ci gare ta.

Wannan shawara ta Turawa ta cika intanet, har ta sa waɗansu a nan suna cewa ai barin iyakwandishan a kunne ya fi kashe shi sauƙi. Kuskure ne. Ba bututun da zai daskare a Madalla ko da a tsakiyar hunturu.

LISSAFIN YUNIT

Zafi ya kan shiga ɗaki ne gwargwadon bambancin da ke tsakanin ciki da waje. Ɗakin da aka riƙe a digiri 22 alhali waje na 36, kamar yadda a ke gani a watan Maris, zafi na kwarara cikinsa ta kwano da bango da taga yini zubur, injin kuma na ta kwashewa ana biya. In an kashe, ɗakin zai yi zafi har ya kusa daidaita da waje, daga nan kwararar ta ragu da kanta. Gaskiya ne bangon bulo na riƙe zafi, kuma injin zai sha aiki na ɗan lokaci da maraice kafin ɗakin ya yi daɗi. Amma aikin sa'a guda ko biyu bai kai na sa'a goma ba.

A ɗauki misali. Iyakwandishan mai ƙarfin doki ɗaya da rabi ya kan ci wajen yunit 1.2 a ko wace sa'a da kwamfuresarsa ke aiki. A ce cikin sa'o'in da gida ke kulle ta yi aikin sa'a biyar kawai, yunit 6 ke nan a yini, 132 a kwanakin aiki 22 na wata. A watan Afrilu 2024 hukumar NERC mai kula da farashin lantarki ta ɗaga kuɗin masu layin A, watau waɗanda aka yi wa alkawarin wutar sa'a 20 a yini, zuwa Naira 225 ko wane yunit, daga baya a watan Yuli na shekarar ya tsaya a Naira 209.5. A kan wannan farashi, yunit 132 sun haura Naira 27,000. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a wannan watan na Yuli Naira 70,000 ne. Watau kusan kashi biyu cikin biyar na albashin ƙaramin ma'aikaci sun tafi wajen sanyaya kujeru da labule. Wanda ba ya kan layin A kuɗinsa bai kai haka ba, amma shi ma katin mitarsa ne ke ƙonewa.

To, mai karatu zai ce wane ne mai hankali zai fita ya bar iyakwandishan a kunne? Ai ba da gangan a ke yi ba, kuma a nan ne matsalar Madalla ta bambanta da ta ko wace ƙasa mai tsayayyiyar wuta. Ana cikin barci da asuba a ɗauke wuta. Injin ya yi shiru, fitilarsa ta mutu, mutum ya yi wanka cikin duhu, ya yi salla, ya ruga bakin titi. A ganinsa komai a kashe ya ke. Da yawa daga cikin injunan yanzu kuwa an yi su ne yadda in wuta ta dawo za su tashi da kansu a kan ma'aunin da aka bar su. Ƙarfe goma sha ɗaya a kawo wuta, sai injin ya kama aiki a ɗakin da ba kowa. Ba shi kaɗai ba. Dutsen gugar da aka jona aka ga ba wuta aka bari a kan tebur, da hitar da aka tsoma a bokiti, da rishon lantarki, da injin jan ruwa zuwa tanki, duk tare su ke farkawa. Na iyakwandishan asarar kuɗi ce. Na dutsen guga da hita kuwa, maƙwabta ne za su fara ganin hayaƙi, ƙofa kuma a datse da kwaɗo biyu, mai makulli yana Garki ko Wuse a bayan cunkoson mota.

Maganin wannan ba ya cin ko kwabo. Rimot ba ya kashe injin da ba shi da wuta, don haka makunnin bango a ke bi. Gidan da ya saba, kafin a sa kwaɗo, mutum ɗaya ya zaga ya sauke ko wane makunni ya zare ko wane filogi in ban da na firji, ya huta. Waɗansu masu gyaran wuta kan raba layin firji dabam a akwatin fis na gida, yadda da hannu ɗaya za a sauke sauran gidan duka a bar masa nasa. Aiki ne na yini guda, kuma ya fi yawancin kayan da a ke kashe kuɗi a kansu amfani.

Akwai kuma al'adar danna rimot har 16 da zarar an shigo, wai don ɗaki ya yi saurin sanyi. A injin da ba na zamani ba mai sassauta gudu, kwamfuresa gudu ɗaya gare ta, ko a 16 ko a 25. Lambar ba ta ƙara mata sauri, tana gaya mata ne kawai inda za ta tsaya ta huta, a 16 kuwa cikin bazara ba za ta taɓa hutawa ba. Indiya ta tilasta wa masu ƙera injunan tun daga Janairu 2020 su fito da su a saite kan digiri 24, kuma hukumarsu ta tsimin makamashi ta ƙiyasta cewa ko wane digiri ɗaya da aka ƙara na rage cin wuta da kimanin kashi 6 cikin ɗari. Japan ma tun 2005 ta roƙi ofisoshi su tsaya a 28, ma'aikata su ajiye kwat da laktaye.

WUTA MAI HAWA DA SAUKA

Abin mamaki ne a ce jihar da ke da madatsar Kainji ta 1968, da Shiroro ta 1990, da sabuwar Zungeru mai megawat 700, ga Jebba a kan iyakarta da Kwara, mutanenta na lissafin sa'o'in wuta da yatsu. An yi NEPA daga 1972, ta zama PHCN a 2005, a watan Nuwamba 2013 kuma aka miƙa rarraba wutar Abuja da Neja da Kogi da Nasarawa ga kamfanin AEDC. Sunaye sun sauya, amma har yau in wuta ta dawo yara NEPA su ke yi wa kirari. A 2024 kaɗai babban layin ƙasa ya faɗi sau da dama.

Ga injin jan zafi, ɗaukewar wuta ba ita ce babbar musiba ba, yadda ta ke dawowa ne. Sa'ad da kwamfuresa ta tsaya, gefe ɗaya na bututun na cike da matsi, ɗayan kuma babu. Sai an yi minti uku ko fiye kafin su daidaita. In wuta ta ɗauke ta dawo nan take, motar za ta yi ƙoƙarin tashi a kan wannan matsi, ta ja wuta mai yawa, ta yi zafi. Haka kuma in wutar ta zo da rauni. Ƙa'ida ita ce bolt 230, amma a unguwar da taransifoma ɗaya ke ɗauke da gidajen da suka fi ƙarfinta, a kan ga ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi. A irin wannan wuta motar kan yi ta gurnani ba ta tashi, wayoyinta na dahuwa a hankali. In mutum na gida zai ji, ya tashi ya kashe. In ba kowa, sai ta yi ta yi har ta ƙone.

Mafi muni shi ne in wayar da masu gyara ke kira nutural ta tsinke, ko ɓarayi suka yanke ta a gindin taransifoma. A nan wutar da ke shiga waɗansu gidaje na iya hawa ta doshi bolt 400, kuma a cikin 'yan daƙiƙoƙi a ke rasa talabijin da firji da duk abin da ke jone. Ga kuma tsawar farkon damina, wajen Afrilu da Mayu. Abin da aka kashe da rimot ba a raba shi da layi ba, a jone ya ke. Abin da aka zare daga soket ne kaɗai ya tsira.

Tun da firji ba ya zaruwa kullum, sai a nema masa mai gadi. 'Yar na'urar nan da a ke sawa tsakanin soket da filogi tana yanke wuta in ta yi rauni ko ta yi yawa, sa'an nan ta jira 'yan mintoci kafin ta mayar. Sitabilaiza aikinta dabam ne, ita ɗaga wuta mai rauni ta ke yi, kuma gara a sayi mai jinkirin tashi. Amma a lura, sitabilaiza mai arha da aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinta, aka ajiye ta a kan kafet a bayan labule, ita kanta abar tsoro ce a gidan da ba kowa.

NAMAN LAYYA

A Babbar Salla ne zancen ya fi zafi. Ma'aikaci ya yi tanadin wata da watanni ya yanka ragonsa a Madalla, uwargida ta soya wani, ta raba wani, sauran ta ƙulla a leda ta jera a firiza, washegari a kama hanyar gida gaishe da iyaye. Kwana goma a ke yi. Abin da ya faru a cikin firizar nan a kwanakin goma ba wanda ya gani.

Ƙa'idar masana abinci ita ce firji ya tsaya a digiri 4 ko ƙasa, firiza kuma a digiri 18 ƙasa da sifiri. In wuta ta ɗauke ba a buɗe ba, firji na riƙe sanyinsa wajen sa'a 4 ne kawai. Firiza cikakkiya kan kai sa'a 48, wadda ke rabi kuwa sa'a 24, kuma a zafin bazararmu gara a rage wa lissafin. Don haka wanda zai yi tafiya ya cike gurbin da ya rage da robobin ruwa tun kwana biyu kafin ya tashi, su daskare su zama ma'ajiyar sanyi. Sai dai a bar ɗan wuri a bakin ko wace roba, kada ƙanƙara ta fasa ta.

Naman da ya ruɓe ya yi wari ba shi ne abin tsoro ba, shi kowa zai zubar. Abin tsoro shi ne wanda ya narke kwana biyu taransifoma na lalace, sa'an nan aka gyara, ya sake daskarewa. Mai gida zai tarar da shi da ƙarfi kamar dutse, ya ce alhamdu lillahi. Ƙanƙara kuwa ba ta kashe ƙwayoyin cuta, tsayar da su kawai ta ke yi, kuma akwai waɗanda dafin da su ke bari a abinci ko tafasa ba ta karya shi. Amai da gudawa a gidan da ke da ƙananan yara ba abin wasa ba ne.

Akwai dabarar gane haka. Waɗansu kan daskarar da ruwa a kofi su ɗora kwabo a kai, in sun tarar da shi a gindi sun san ya narke. Kwabo ya yi wuyar gani yanzu, kuma dabarar kan yi ƙarya, domin ƙanƙara na iya tasowa da shi a bisanta. Wadda ta fi ita ce a zuba ruwa rabin gora, a kwantar da ita ta daskare a kwance, ran tafiya a tsayar da ita a tsakiyar naman. In an komo aka tarar ƙanƙarar na nan manne a gefe ɗaya daga sama har ƙasa, sanyi bai yanke ba. In ta taru a gindi ta kwanta sumul, to ta narke ta sake kamawa.

Tafiyar da za ta wuce mako, mafi alheri a kwashe komai, a kashe, a zare. A bar ƙanƙarar jikin bango ta narke da kanta, kada a sa wuƙa, domin yawancin firjin yanzu gas ɗin da ke cikinsu, R600a, mai kama wuta ne, bututun kuma a jikin bangon ya ke. A wanke, a goge, a tokare murfin da tsumma ya zauna a ɗan buɗe. Firjin da aka kashe aka rufe ruf, fumfuna da wari a ke tararwa.

Iyayenmu ba su san wannan damuwa ba. Naman layya soya shi a ke yi ƙayau har ruwansa ya ƙone, a zuba a tukunya da kitsensa, ko a yanyana a shanya, ko a yi dambu, ya kai watanni. Ruwan sanyi kuma randa ce ke bayarwa, kuma a ƙasar Suleja ba sai an koya wa kowa darajar yumɓu ba. A nan Michael Cardew ya buɗe makarantar ginin tukwane a farkon shekarun 1950, a nan Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar Naira 20, ta shiga a 1954. Wani malami daga Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 sabo da tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, mai adana tumatir da ganye kwanaki ba lantarki. Tana aiki sosai a busasshiyar iskar rani, cikin damina kuwa ƙarfinta ya kan ragu, kuma ba ta ɗanyen nama ba ce.

Masu ciwon sukari su kula da allurarsu ta insulin. Wadda ba a buɗe ba tsakanin digiri 2 da 8 a ke ajiye ta, kuma in ta daskare ta lalace. Wani bincike da ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Geneva suka fitar a 2021, bisa yanayin sansanin Dagahaley na Kenya, ya nuna wadda a ke amfani da ita na jure zafin da ke kaiwa da komowa tsakanin digiri 25 da 37 har mako huɗu. Gara dai mutum ya tafi da abarsa ya nemi shawarar likitansa, da ya bar ta a firjin da bai san halin da zai shiga ba.

A gidajen haya masu ɗaki-ɗaki, inda mita ɗaya ke ɗauke da mutum shida ko takwas, wata rigimar ce dabam. Wanda ya tafi ya ce ba ya nan, don me zai sa kuɗin kati? Waɗanda suka zauna su ce ai firizarsa na nan tana gurnani dare da rana. Kati ya ƙare, a tsaya jayayya kwana biyu, naman kowa ya lalace. Masu hankali tun kafin tafiya su ke ajiye rabonsu a hannun mai kula da gida, su bar makulli wurin maƙwabcin da suka amince da shi. Wanda ke da mitarsa shi kaɗai ma ya duba yunit nawa suka rage, domin ko ya sayi kati ta waya daga Kano, a yawancin mitoci sai an sami mai danna lambobin nan 20 da hannu.

SARRAFAWA DAGA NESA

Zamani ya kawo injunan da a ke kunnawa da kashewa ta wayar hannu. Kamfanoni irin su LG da Samsung suna da manhajojinsu, akwai kuma 'yan na'urori masu kwaikwayon rimot da a ke haɗa wa tsohon inji. Amfaninsu a fili ya ke. Mutum na ofis zai ga ko injinsa ya tashi, ya kashe shi, in ya iso Dei-Dei da maraice ya kunna, kafin ya iso ɗaki ya huce. Amma duk wannan ya rataya ne a kan akwatin intanet na gida, shi kuwa wuta ɗaya su ke sha da injin. In ba a haɗa masa ɗan batir ba, tare za su mutu, in datarsa ta ƙare kuma shi ke nan. Soket ɗin zamani da a ke sarrafawa ta waya ma a duba ƙarfinsa, domin na fitila da caja ba zai ɗauki iyakwandishan ba, narkewa zai yi. Ga mafi yawan mutane agogon da ke jikin rimot ya isa, muddin an san cewa a waɗansu injuna ɗaukewar wuta na goge shi. Labule mai kauri a tagar yamma, da silin mai kyau a ƙarƙashin kwano, suna rage zafin da za a tarar fiye da yadda a ke zato.

Masu barin ƙwan waje a kunne don ɓarayi su ɗauka akwai mutane, su ma su sake tunani. Fitilar da ke ci da tsakar rana kwana uku a jere shela ce ta ke yi cewa gidan ba kowa.

Cikin Agusta kuwa abokin gaba ba zafi ba ne, laima ce. Gidan da aka rufe mako biyu a tsakiyar damina, a kan tarar takalman fata sun yi fari, katifa na wari, littattafai sun kumbura. Akwai maɓalli mai alamar ɗigon ruwa a rimot wanda ke tsotse laima, amma barin inji na aiki ba mai kallo yana da nasa haɗarin. Zanzaro na son gina ɗakinsa a bakin bututun da ke fitar da ruwan injin, in ya toshe sai ruwan ya komo ciki ya bi bango, sau da yawa kuma soket ko talabijin ne a ƙarƙashi. Gara a janye katifa daga bango, a buɗe ƙofofin kabad, a bar 'yar tagar sama mai raga da ƙarfe iska na ratsawa.

Ran komowa kada a yi gaggawar ɗaga makunni. A buɗe tagogi tukuna, a shaƙa ko akwai ƙaurin waya, a duba soket ko ya yi baƙi. A leƙa akwatin waje, domin ɓera da tsaka na son kwana a cikin wayoyinsa in ya daɗe shiru. A zare ragar da ke gaban injin a wanke, musamman bayan ƙurar hunturu. Sa'an nan a buɗe firiza a duba gora. In ƙanƙararta ta kwanta a gindi, naman rami a ke haƙa masa a bayan gida, mai zurfin da karnukan unguwa ba za su tone ba.